Na biya kamfani ya kai ni zagayen White Rim da keke, ga abin da na samu ga kuma inda suka gaza

Duk wanda ke sha'awar keken hawa dutse a Amurka ya san sunan White Rim, in ma bai je ba ya ga hoton. Hanyar ƙasa ce mai tsawon mil 100, wajen kilomita 160 kenan, tana zagaye wani ƙaton tudu da ake kira Island in the Sky a gandun Canyonlands da ke jihar Utah, kusa da garin Moab. Tudun yana sama, kogunan Kolorado da Green suna can ƙasa, ita kuma hanyar tana tsakiya a kan wani farin falalen dutse, to a bakin wannan falalen zaka yi ta tuƙi, hannu ɗaya bangon jan dutse ne da ya tokare sama, ɗaya hannun kwazazzabo ne da in ka leƙa sai cikinka ya juya. Ni kamfanin jagorori na biya suka kai ni, irin waɗanda ke Moab ɗin nan masu haɗa maka komai, kuma a kansu nake son in yi magana, ba zan kama suna ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi.

Kuɗin dai ya haura dala dubu ɗaya a kan mutum ɗaya, kuma hayar keke daban, hayar tanti da abin kwanciya daban, ga tukuicin jagorori a ƙarshe wanda a nan ƙasar kusan dole ne. Da na ga lissafin gaskiya sai da na ja baya, na ce yanzu don in kwana a ƙasa in sha ƙura zan biya wannan kuɗin? Amma da aka shiga dajin na gane inda kuɗin yake tafiya, ruwa ne da takardar izini, su biyun nan kaɗai sun isa.

Babu ruwan sha ko ɗigo a duk tsawon hanyar. Ba famfo ba rijiya ba shago, kogi kuwa mafi yawan tafiyar yana can ƙasa inda ba ka da hanyar sauka, in ma ka kai bakinsa a ɓangaren Green ruwan duk laka ne. Hukumar gandun tana cewa kowane mutum ya tanadi aƙalla galan ɗaya a rana, wajen lita 4, kuma wannan fa mafi ƙaranci ne, mai tuƙa keke cikin rana zai sha fiye da haka, ga girki ga wanke hannu. To ka lissafa na kwana uku ko huɗu da yawancin mutane ke ɗauka kafin su gama zagayen, da wuya ƙwarai ka iya ɗora wannan a keke. Shi ya sa yawanci sai da mota mai bin ku a baya, kuma ba kowace mota ba, doka ce sai mai jan ƙafa huɗu mai tsayi daga ƙasa mai ƙaramar giya, in kuwa ta lalace a ciki kuɗin janyo ta kaɗai ya kan wuce dala dubu. Motar kamfanin nan ta zo da tankin ruwa da jarkoki da kuloli cike da ƙanƙara, kuma har muka fito ba a taɓa ce wa wani ya rage shan ruwa ba, sai ma tsawatarwa da macen cikin jagororinmu biyu take yi in ta ga gorarka ba ta ragu ba. Wannan na yaba musu ƙwarai.

Sai izini. Wuraren kwana 20 ne kacal a duk hanyar, an raba su a zango 10, kuma ba a kwana ko ina sai a inda takardarka ta nuna, a daren da ta nuna. Ana buɗe neman takardun a shafin Recreation.gov wata huɗu kafin kowane zangon shekara, kuma na watannin da ake rububi, wato Afrilu da Mayu da kuma Satumba da Oktoba, nan da nan suke ƙarewa, na san mutanen da suka zauna gaban kwamfuta da sassafe suka tashi hannu rabbana. Ko yini ɗaya zaka yi ba kwana sai da takarda. Kamfanin ya ɗauke min wannan ciwon kan gaba ɗaya, ni dai na zaɓi rana na biya.

Muka fara daga sama ta Shafer. Wallahi duk bidiyon da ka gani bai kai ganin ido ba, hanya ce da aka sassaƙa a jikin bangon dutse tana lanƙwasa tana komowa tana lanƙwasa, ba shinge ko ɗaya a bakinta, kuma kana sauka ne wajen mita 450. A da turbar dabbobi ce, makiyaya ke bi da shanu, sai a shekarun 1950 da aka shiga haukan neman yuraniyom a yankin, bayan wani Charlie Steen ya dace da babbar mahaƙa kusa da Moab a 1952, hukumar makamashin nukiliya ta Amurka ta faɗaɗa ta don manyan motoci ta kuma buɗe hanyar White Rim ɗin kanta. Ma'adinin bai fito da yawa a wannan gefen ba, aka watse aka bar hanyar, a 1964 wurin ya zama gandun ƙasa. Jagoranmu namijin shi ya tsayar da mu tun kafin kwanar farko ya ba mu wannan labarin a gurguje, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana matsa birkin kowa da hannunsa, ya ce yatsa ɗaya a kan kowane birki, ka ja gindinka baya, kar ka danne na gaba a kan kwana, in mota ta taho ka tsaya ta gefen bango ba ta gefen rami ba. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu da tsoro ya kama ta ta kasa, bai matsa mata ba bai kuma yi mata dariya ba, ya ɗora kekenta a mota ta sauka a zaune, da aka kai ƙasa ta hau abinta ta ci gaba. Tun daga nan na saki jiki da su.

Keken da suka ba ni haya mai kyau ne, ba ni da abin cewa a kan ingancinsa. Yana da abin shanye gargada gaba da baya, birkin faifai mai kamawa da ɗan taɓi kaɗan, giya goma sha biyu a baya, tayoyin kuma irin waɗanda ba tib a ciki sai wani farin ruwa mai toshe huji da kansa. Ƙaya ta soke ni sau da dama ina ganin ruwan ya ɗan tsarto ya tsaya, ban sauka yin faci ba ko sau ɗaya. Kullum da yamma jagoran sai ya jera kekunan ya goge sarƙa ya sa mai ya duba iska. Sirdin ne kawai matsala, siriri ne mai tauri, kuma wanda zai yini a kai kwanaki a jere ya kamata tun a shago a zaunar da shi a gwada masa biyu ko uku ya zaɓa, su kuwa tsayina kawai suka tambaya a fom shikenan. In kana da sirdin da jikinka ya saba da shi ka kunce shi ka taho da shi, da wandon keke mai soso a ƙalla guda biyu.

Babban ƙorafina kuwa a kan tallarsu ne. Sun rubuta cewa tafiyar matsakaiciya ce, wai duk mai ɗan motsa jiki zai iya. Eh gaskiya ne hanyar ba irin siririyar turbar nan ba ce mai tsalle-tsalle a kan duwatsu, hanyar mota ce, amma kalmar matsakaiciya ta ɓoye abubuwa da yawa. Ta ɓoye cewa zaka yi awa biyar ko shida a kan sirdi kana shan gargada, ta ɓoye iskar da in ta taso da rana sai ka ga kana taka feda kamar kana tsaye wuri ɗaya, ta ɓoye hawan Murphy Hogback wanda a ƙarshensa hanyar ta miƙe tsaye ga tsakuwa mai zamewa, yawancinmu sauka muka yi muka tura, ta ɓoye Hardscrabble mai hawa da sauka a matse a saman kogin Green, ta kuma ɓoye yashin da ke gefen kogin wanda tuƙi a cikinsa tamkar ka shiga rairayin gulbi da rani ne da keke, tayar gaba ta nutse ta baya ta yi ta juyawa a banza. Ga tsayin wurin, saman tudun ya kai wajen mita 1,800 daga teku, wanda ya taho daga gari na bakin ruwa zai ji numfashinsa ya gajarta. Mutum biyu a ƙungiyarmu rabin tafiyar a cikin mota suka yi ta, sun biya kuɗi ɗaya da kowa, kuma na ga yadda abin ya taɓa su, ɗayan dattijo ne da ya daɗe yana tara kuɗin wannan tafiya. Da ofishin ya gaya masa gaskiya a waya, ya ce malam ka yi wata uku kana yin kilomita 40 ko 50 a kan hanyar ƙasa kafin ka zo, da ya zo a shirye ko ya ɗaga zuwa wata shekarar. Neman cika kujera ne ya sa ba su faɗa ba, kuma wannan bai dace ba.

Abinci kam sun iya. Ban yi zaton za a ci irin wannan a tsakiyar daji ba, da safe shayi da kofi tun kafin rana ta fito, ƙwai da dankali da 'ya'yan itace, da rana a tsaya a shimfiɗa tebur a inuwar mota a ci burodi da ganye da su cuku da gyaɗa, da dare a dafa mai zafi a kan gas, har kek suka gasa mana a tukunyar ƙarfe. Amma 'yan uwa musulmi ku ji wannan da kyau. Na rubuta a fom cewa ba na cin alade ba na cin naman da ba halal ba, kifi da ganye sun ishe ni, na sake faɗa a waya, amma saƙon bai isa hannun masu girkin ba, ofis ya riƙe shi. Da safen farko sai ga naman alade yana soyuwa a kaskon da za a soya ƙwai a ciki. Da na yi magana jagorar ta ba ni haƙuri sosai har fuskarta ta canza, nan take ta ware kasko ɗaya da cokali ɗaya ta ɗaura musu jan zare ta ce waɗannan naka ne har mu fita, kuma ta cika alkawari, kullum nawa take fara dafawa kafin ta taɓa nama. Sai dai tunda ba a yi sayayya da ni a lissafi ba, wake da ƙwai da kifin gwangwani na yi ta maimaitawa, dabino da ƙuli-ƙulin da na taho da su suka cike gurbin. Don haka kar ka tsaya a fom, ana gobe tafiya ka nemi a haɗa ka da wanda zai yi girkin da kansa. Sannan ka sani da yamma abokan tafiya za su buɗe giyarsu, kowa shi ke kawo tasa, ba wanda ya takura min da na ce ba na sha, na ja kujerata gefe da shayina aka yi ta hira.

Salla ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. Matafiyi ne kai, ƙasaru da haɗawa sun sauƙaƙa komai, azahar da la'asar a wurin cin abincin rana, magariba da isha a zango. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, kuma tunda sabis ba ya samuwa a mafi yawan hanyar gara ka duba tun kana Moab ka riƙe da kamfas. Na tafi da ƙaramar buta, na gaya musu tun farko zan riƙa ɗiban ruwan alwala da tsarki, suka ce ba komai, na dai riƙa takatsantsan don ruwan na kowa ne, da kofi ɗaya da rabi ana yin alwala cikakkiya in mutum ya natsu. Da suka gane lokutan, su da kansu suke ce min za mu tsaya minti kaza a gaba in kana son ka yi sallarka. Akwai bandaki na rami a kowane zango, a tsaftace ba laifi, amma wanka babu, sai dai goge jiki da tsumma.

Abin da ya fi burge ni da jagororin shi ne yadda suke kishin wurin, ba wai don doka kawai ba. Akwai wata baƙar ƙasa mai kurji-kurji a gefen hanya ko ina, ni da na ɗauka busasshiyar laka ce, ashe abu ne mai rai, ƙananan halittu ne da gansakuka suka saƙa kansu suka riƙe yashin kar iska ta kwashe shi, kuma su ke riƙe ɗan ruwan da ake samu a wurin da ruwan samansa bai kai inci 10 a shekara ba. Taku ɗaya ko sawun taya ɗaya sai ya rusa abin da zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo. Jagoran ya durƙusa ya ɗiga ruwa kaɗan daga gorarsa a kan wani gefe ya ce mu jira, cikin ɗan lokaci gansakukar ta fara komawa kore a gaban idonmu. Daga ranar ban ga wanda ya sake jingine keke a wajen hanya ba, in za ka je leƙa baki sai ka bi kan dutse ko cikin busasshen rafi. Haka a Musselman Arch, wata doguwar gada ta dutse da Allah ya yi siririya a kan rami, ana ganin tsofaffin hotunan mutane suna tafiya a kanta amma yanzu an hana, wani saurayi a cikinmu ya so ya hau don hoto, jagorar ta ce a'a kai tsaye ba wani kwana-kwana. Ba a hura wutar itace, ba a zuwa da kare ko a cikin mota ne, shara kuwa har ɓawon lemo sai an mayar da shi gari. A Fort Bottom suka kai mu da ƙafa muka ga tsohon ginin dutse na mutanen da suka zauna a wurin ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, suka ce a kalla da ido kar a taɓa kar a jingina.

Wuraren kwana kowanne da irin nasa. Zangon da ake kira Airport fili ne fetal ba bishiya ba abin da zai tare iska, kuma a nan tantin hayarsu ya nuna halinsa, zif ɗin ƙofar ya lalace ba ya rufuwa har ƙasa, iska ta yi ta turo yashi cikin dare har cikin kunne da haƙora. Da safe suka ɗaure shi da igiya da tef, ya riƙe, amma abin da aka karɓi kuɗin haya a kansa ya kamata a duba shi kafin ya bar shago. Turakun ma ba sa shiga ƙasar saboda dutse ne a ƙarƙashi, da manyan duwatsu ake danne igiyoyin, wannan jagoran ne ya koya mana. Murphy yana can sama ana hangen ko ina, sanyinsa da asuba ba wasa, ka zo da rigar sanyi mai kauri da hula ko da rana ta gasa ka jiya. Potato Bottom kuwa yana bakin kogin Green da manyan bishiyoyi, ita ce inuwa ta gaske ta farko da muka samu, sai dai sauro da yamma. White Crack wanda kowa ke yabo wurin ƙungiya ɗaya ne tak, ba mu samu kwana a can ba amma mun ratsa mun gani, wanda ya samu ya dace. Taurari kam sai wanda ya gani, tun 2015 aka sa gandun cikin wuraren da aka amince da duhun samansu a duniya, in zaka zaɓi rana ka zaɓi lokacin da ba farin wata. Hankaki kuma ɓarayi ne na gaske a can, ka bar jaka a buɗe ka juya baya sun zazzage ta.

Ta fannin tsaro sun zo da na'urar kira ta tauraron ɗan adam da akwatin magani babba, jagororin biyu kuma sun yi horon taimakon gaggawa na daji, na tambaya suka nuna min katin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da motar asibiti ba za ta iso ka cikin awa ɗaya ko biyu ba. Wani ya faɗi a gangaren bayan Murphy ya ɗaye gwiwa da gwiwar hannu, hular kwanonsa ta tsage, suka wanke ciwon suka ɗaure, suka yi ta yi masa tambayoyi suna duba idonsa kafin su bar shi ya sake hawa, kuma sai da suka ba shi wata hular daga mota.

Ka tambayi kamfanin halin hanya kafin ka sayi tikitin jirgi, domin a ƙarshen Mayu zuwa Yuni in ƙanƙarar duwatsu ta narke kogin Green kan cika ya shanye wani sashe na hanyar a gefen yamma, zagayen ba zai haɗu ba, ruwan sama mai ƙarfi ma yana yanke ta, a Agustan 2010 ambaliya ta kwashe lanƙwasan Mineral Bottom, hawan da ake fita ta kansa daga bakin kogi, sai a 2011 aka sake buɗewa. Ka kuma nemi a rubuce abin da za su yi da kuɗinka in haka ta faru, nasu sharaɗin na mayar da kuɗi yana da tsauri kuma a can ƙasan takarda yake da ƙananan haruffa. Yuli da Agusta kar ma ka fara, zafin yana wuce digiri 38 kuma ba inuwa.

Ta Mineral Bottom ɗin muka fito, hawa ne mai lanƙwasa daga bakin kogi zuwa saman tudu a lokacin da ƙafa ta riga ta gaji, jagorar ta bar mota ga abokin aikinta ta hau keke ta tsaya tare da na ƙarshenmu tana taka feda a gefensa har sama. In biyar ce cikakkiyar maki, jagororin biyu na ba su biyar ba ragi, keke huɗu, abinci huɗu, ofis da tallarsu biyu. Zan sake bin su in Allah ya kai mu, amma da sirdina da tantina zan je, kuma sai na yi magana da mai girki baki da baki kafin in tura ko sisi. Tukuicin jagorori a ba su a hannu da tsabar kuɗi, ka ciro tun a Moab don ba na'urar cire kuɗi a hanya.